Ina ganin ana sakaci da marasa lafiya, ina kuma tsoron bi-ta-da-ƙulli: in kai ƙara ko in kama bakina?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata shida a aiki. A ɗakin da nake aikin dare mu biyu ne a kan marasa lafiya kusan talatin, wani lokaci safar hannu ma takan yanke, kuma sau biyu 'yan'uwan majinyata sun taɓa kai mini hannu. Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin da ba sa iya motsi suna kwana cikin fitsari, wasu har sun yi gyambon kwanciya, amma a takarda ana rubuta cewa an juya su. Wata abokiyar aikina da ta yi magana bara an canza mata wurin aiki, aka yi ta bin ta da takardun tuhuma har ta ajiye aikin. Me ya kamata in yi?

Amsa: Malama, na karanta wasiƙarki har sau biyu. Amsata a gajarce ita ce ki yi magana, amma ki yi ta a rubuce, bayan kin shirya, kuma in da hali kada ki yi ta ke kaɗai. Na yi shekaru ina aikin jinya a gefen gado kafin na koma koyarwa da zama a kwamitocin binciken ƙorafi, don haka na taɓa tsayawa inda kike tsaye, na kuma zauna a kujerar waɗanda ake kawo wa ƙara, na ga irin ƙorafin da ke tayar musu da hankali da irin wanda suke jefawa cikin durowa su manta da shi.

Zan fara da takardar da ake cikewa da ƙarya, domin a nan ne haɗarinki ya fi girma, ko da yake ke kina ganin haɗarin yana ga buɗe baki. A farkon aikina, a wani asibiti da ba sai na ambaci sunansa ba, na karɓi aiki wata safiya na tarar da wani dattijo da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Takardar da ke rataye a ƙarshen gadonsa ta nuna an juya shi da ƙarfe goma na dare, da sha biyu, da biyu, da huɗu, da shida, duk da biro ɗaya da hannu ɗaya, rubutun a jere reras kamar wanda aka cike a zama guda. Da muka ɗaga shi, zanin gadon ya jiƙe ya bushe ya sake jiƙewa har ya yi zobe-zobe, fatar da ke kan ƙashin ƙugunsa ta yi ja, na danna ta da yatsa jan bai gushe ba, kuma kin san abin da wannan ke nufi. Kafin mako biyu wurin ya buɗe ya zama gyambo. Da 'ya'yansa suka yi ƙorafi aka kafa kwamiti, babu wanda ya kira mutumin da ya tsara jadawalin da ya bar ma'aikata biyu a ɗaki cike maƙil. Waɗanda aka kira su ne masu sa hannu a kan takardar. Ɗaya daga cikinsu mace ce mai ƙwazo wadda ta kwana a tsaye a wannan daren tana fama da wani majinyaci da numfashinsa ke sarƙewa, amma takardar da ta cike da hannunta ta ce komai ya tafi daidai, saboda haka ba ta da bakin cewa aiki ne ya fi ƙarfinta. Shugabannin asibitin kuwa suka ce ba a taɓa sanar da su akwai matsala ba, kuma a bisa takarda gaskiya suka faɗa.

Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina cewa shiru ba mafaka ba ce ga mai aikin jinya. Duk daren da kika sa hannu a kan abin da ba a yi ba, kin cire laifin daga wuyan asibiti kin rataya a naki. Ƙa'idar sana'ar ma ba ta bar miki zaɓi mai faɗi ba. Kundin ɗa'a na Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya, wanda aka fara amincewa da shi a 1953, da farko ya ɗora wa ma'aikaciyar jinya biyayya ga umarnin likita, amma gyaran da aka yi masa a 1973 ya bayyana cewa nauyinta na farko yana ga mutumin da ke buƙatar jinya, ya kuma wajabta mata ɗaukar mataki idan abokin aiki ko wani mutum dabam ya jefa kulawar majinyaci cikin haɗari. Hukumomin da ke ba da lasisin jinya a ƙasashe da dama sun ɗauki wannan ƙa'ida, wato ana iya hukunta ki a kan abin da kika gani kika kawar da kai.

Kafin ki rubuta komai, ki tantance wa kanki irin sakacin da kike gani, domin iri biyu ne kuma hanyar tunkararsu ba ɗaya ba ce. Akwai wanda lissafi ke haifarwa. Ki ɗauki ɗakinku: a ce cikin talatin ɗin nan goma ne ba sa iya juya kansu, kuma juya kowane ɗaya da share masa jiki da canza masa zani yana buƙatar mutum biyu da minti goma. Minti ɗari ke nan cikin kowane minti ɗari da ashirin idan za a riƙa juyawa duk awa biyu, ba a yi maganar raba magani ba, ko duba ƙarin ruwa, ko awon jini da zafin jiki, ko wanda aka kawo rai a hannun Allah da tsakar dare. Ko waliyyai aka sa a wannan ɗaki sai an tsallake wani abu. Abin da ake fara tsallakewa kuwa sananne ne tun binciken da Beatrice Kalisch ta wallafa a 2006 kan kulawar da ake bari ba a yi ba: juya majinyaci, tayar da shi ya taka, ciyar da shi a kan lokaci, tsaftace shi, da zama a yi masa bayani. Magani ba a cika tsallake shi ba saboda ana ƙirga shi kuma ana tambayar inda ya shiga. Abin da ba a ƙirgawa shi ne ke salwanta.

Binciken da Linda Aiken da abokan aikinta suka wallafa a 2002, wanda ya shafi asibitoci 168 a jihar Pensilbeniya ta Amurka, ya gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa ma'aikaciyar jinya yana zuwa da ƙarin kashi 7 cikin ɗari na yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30. A 2014 suka sake samun wannan adadi a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara. Jihar Kalifoniya ta mayar da al'amarin doka, wadda ta fara aiki a 2004, kuma a yanzu ba a yarda nas ɗaya ta riƙe fiye da mutum biyar a ɗakin kwanciya na gama-gari ba, ko fiye da biyu a ɗakin kulawa ta musamman. Dokar Kalifoniya ba ta hau kan asibitinku ba, na sani. Na kawo ta ne don ki ga tazarar da ke tsakanin biyar da goma sha biyar, ki kuma san cewa idan kika ce ƙarancin ma'aikata yana kashe mutane, kina da hujjar ilimi a bayanki, kada wani ya ce miki raki ne.

Iri na biyu shi ne wanda mutum ke yi da gangan ko don rashin imani, kamar dukan majinyaci, ko zaginsa, ko ɗaure shi a gado ba bisa umarni ba, ko ɗura masa maganin barci don a huta da shi, ko hana shi ruwa don kada ya yi fitsari. Wannan ba ya jiran tara hujja. Ranar da kika gani ranar za ki tsayar da shi in kina iyawa, ki sanar da na gaba da ke, ki rubuta. Wasiƙarki ta fi nuna iri na farko, kuma wannan sauƙi ne gare ki, domin ƙorafin da ya ce "mu biyu ba za mu iya ba" ba ya mayar da abokan aiki abokan gaba kamar wanda ya ce "wance ba ta aikinta".

Maganar safar hannu da hannun da aka kai miki kuwa, kada ki raba ta da maganar tsofaffin nan, domin tushensu ɗaya ne. Ɗan'uwan majinyacin da ya ɗaga miki hannu, sau da yawa abin da ya tunzura shi shi ne ya yi awa guda yana kira babu wanda ya zo, ko da yake wannan bai ba shi ikon taɓa ki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin kashi 8 zuwa 38 cikin ɗari na ma'aikatan lafiya sukan fuskanci duka ko makamancinsa a wani lokaci cikin shekarun aikinsu. Duk irin wannan ki shigar da shi a takardar rahoton haɗari ko da ba ki ji rauni ba, domin a wajen hukuma abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Haka idan allurar da aka yi wa mai cuta ta soke ki: yiwuwar kamuwa da ƙanjamau kusan 3 ne cikin dubu, amma ta ciwon hanta nau'in B tana iya kaiwa 30 cikin ɗari ga wadda ba ta yi rigakafi ba, kuma maganin kariya daga ƙanjamau ana son a fara shi cikin awoyin farko, kada a wuce awa 72. Na san ma'aikatan da suka ɓoye cewa allura ta soke su don tsoron a ce sun yi ganganci, kuma wannan tsoro shi ne dai tsoron da ke hana faɗin halin da majinyata ke ciki. Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1981, ta buƙaci ƙasashen da suka rattaba hannu su kare ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da dalilin ganin yana barazana ga ransa ko lafiyarsa nan take. Amma a nan dole in ja miki kunne: ma'aikaciyar jinyar da ta karɓi marasa lafiya sannan ta fice ta bar su, za a tuhume ta da yin watsi da su, kuma tuhuma ce mai nauyi. Lokacin nuna rashin amincewa shi ne wajen karɓar aiki, ki bayyana a rubuce cewa adadin ya wuce abin da za a iya kula da shi lafiya, kin sanar da wance da ƙarfe kaza, kuma za ki tsaya ki yi iya ƙoƙarinki.

Yanzu ga abin da ke hana ki barci. Tsoronki yana da tushe, domin abin da ya sami abokiyar aikinki shi ne salon da aka saba. Da wuya ki ga shugaban da zai fito ya ce ya kori mutum don ya kai ƙara. Abin da ake yi shi ne a buɗe fayil ɗinki a soma tono. Lattin minti goma da kowa ke yi ya zama takardar tuhuma, kuskuren rubutun da a da ake gyarawa da baki ya zama zaman kwamiti, a jera miki aikin dare, a hana ki hutu da kwas, a tura ki sashen da ba ki ƙware ba don ki tafka kuskure na gaske, sannan abokan aiki su mayar da ke saniyar ware har gaisuwa ta gagara. Wani lokaci a riga ki kai ƙara hukumar lasisi, ko a soma raɗe-raɗin cewa kanki ba daidai yake ba. Manufar duka ita ce a sauya tambaya daga "me ya sami majinyata?" zuwa "wace irin ma'aikaciya ce wannan?", kuma tun da babu ma'aikacin da ba ya kuskure, balle a ɗakin da aiki ya yi wa mutane katutu, mai tono ba ya rasa abin da zai tono.

Akwai shari'o'i uku da nake so ki sani, domin darasinsu ɗaya ne. Graham Pink nas ne mai kula da ɗakunan tsofaffi da dare a asibitin Stepping Hill da ke Stockport a Ingila. Tun daga 1989 ya yi ta rubuta wa shugabanni wasiƙu yana bayyana yadda ƙarancin ma'aikata ke barin tsofaffi cikin ƙazanta, wasu su cika babu kowa a kusa. Bayan jaridar Guardian ta buga wasu daga cikin wasiƙun a 1990, aka dakatar da shi, aka kore shi a 1991, kuma cikin tuhume-tuhumen wadda ta fi nauyi ita ce ya tona sirrin majinyaci. Hukumar lafiyar yankin ta janye daga shari'ar a 1993 ta biya shi diyya, amma bai koma bakin aikinsa ba. Margaret Haywood kuma ta ɗauki hoton bidiyo a ɓoye a wani asibiti da ke Brighton, BBC ta nuna shi a 2005, jama'a suka ga tsofaffi kwance cikin ƙazantarsu. Duk da haka a 2009 hukumar lasisi ta soke rajistarta saboda keta sirrin majinyata, sai da aka ɗaukaka ƙara, jama'a kuma suka yi caa, kafin aka sassauta hukuncin zuwa gargaɗin shekara ɗaya.

Ta uku ta fi su ban tsoro. A 2009, a gundumar Winkler ta jihar Teksas, ma'aikatan jinya biyu, Anne Mitchell da Vickilyn Galle, suka aika wa hukumar likitocin jihar wasiƙa ba tare da suna ba, suna ƙorafi kan yadda wani likita ke duba marasa lafiya. Ba su ambaci sunan majinyaci ko ɗaya ba, lambobin fayil kawai suka sa. Likitan ya kai kuka ga shugaban 'yan sandan gundumar, wanda abokinsa ne kuma likitan ya taɓa yi masa magani, shi kuma ya samo takardar izinin bincike, aka duba kwamfutocin wurin aikinsu aka gano wasiƙar. Aka kore su, aka gurfanar da su da laifin amfani da bayanan hukuma ba bisa ƙa'ida ba, laifin da ke iya kai mutum kurkuku na shekara goma. An janye tuhumar Galle, Mitchell kuwa masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke ta a watan Fabrairun 2010 cikin ƙasa da awa ɗaya. Daga baya aka biya su diyyar dala 750,000, aka kuma sami shugaban 'yan sandan da lauyan gundumar da laifi. Gaskiya ta yi halinta, amma sai bayan sun rasa aikin da suka daɗe a kai.

Ki lura da ƙofar da aka shiga musu ta ita: sirrin majinyaci da bayanan asibiti. Saboda haka kada ki ɗauki hoton majinyaci ko na gyambonsa da wayarki, kada ki kwashi takardun fayil ki kai gida, kada ki tura komai a zauren WhatsApp na ma'aikata, kada ki yi habaici a Facebook, kuma kada ki rubuta wasiƙar da kike so ta zama sirri a kwamfutar asibiti. Ɓoye suna ma ba garkuwa ba ce mai ƙarfi kamar yadda ake zato. A ɗakin da mutum biyu ne ke aikin dare, gano wadda ta rubuta ba ya buƙatar boka, kuma wadda ta ɓoye sunanta yana mata wuya daga baya ta tabbatar cewa ƙorafinta ne ya sa aka ɗora mata karan tsana, tun da shugabanni za su ce ba su san ita ce ba.

To yaya ake rubutawa? Ƙorafin da ya ce "ana wulaƙanta marasa lafiya a ɗakinmu kuma shugabanni ba su damu ba" gaskiya ne, amma a kwamiti minti ɗaya ake yi a ajiye shi, a ce mai rubutun tana da jin haushi. Ki gwada shi da wannan: "A daren Talata, kaza ga wata, daga ƙarfe takwas na dare zuwa takwas na safe, ma'aikata biyu ne a kan majinyata 29. Tara daga cikinsu suna buƙatar juyawa duk awa biyu, sau biyu kacal muka samu muka juya su. Mai gado na 14 ya fara nuna jan fata a ƙugu wanda ba ya gushewa idan an danna. Safar hannu ta ƙare da ƙarfe ɗaya. Na sanar da mai kula da asibiti na dare da ƙarfe tara da rabi, aka ce babu wanda za a turo. Ina roƙon a ƙara ma'aikaci ɗaya da dare, a kuma duba yadda ake cike takardar juyawa." Babu zargin niyyar kowa a ciki, babu kalmar da za a kama a ce rashin kunya ce, komai ana iya bincika shi a jadawali da fayil, kuma ya ƙare da buƙata takamaimai wadda dole a ce e ko a'a. Irin wannan takarda ce ke hana shugaba sakat, domin daga ranar da ta shiga hannunsa ba zai ƙara cewa bai sani ba. Ki bambanta abin da kika gani da idonki da abin da aka gaya miki, ki riƙe kwafi mai ɗauke da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa, ki kuma ajiye ƙaramin littafi naki na kanki inda za ki riƙa rubuta ranaku da adadi da wanda kika sanar da abin da ya ce, ba tare da sunan majinyaci ba.

Akwai shiri ɗaya da mutane ke mantawa da shi sai aski ya zo gaban goshi. Tun kafin ki miƙa takardar farko, ki tattara kwafin duk rahotannin auna ƙwazonki na shekaru shidan nan, da takardun yabo in akwai, da jadawalin aikinki na watannin baya. Idan ma'aikaciyar da aka yi shekara shida ana yaba mata ta zama "marar ɗa'a" mako uku bayan ta kai ƙara, jerin kwanakin kaɗai ya isa shaida, amma sai in tsofaffin takardun suna hannunki. Kuma kada ki koma ki gyara wani abu a tsofaffin fayil-fayil, ko da don ki mayar da ƙarya gaskiya ne, domin taɓa tsohon rubutu laifi ne mai zaman kansa.

Ki bi matakai daki-daki: shugabar ɗaki, sannan shugabar ma'aikatan jinya, sannan kwamitin kare lafiyar majinyata ko shugaban asibiti, kowanne ki ba shi ɗan lokaci mai ma'ana, ki rubuta cewa za ki wuce gaba idan ba ki ji komai ba. Idan cikin gida ya toshe, sai hukumar da ke sa ido kan asibitoci, da hukumar lasisi, da ofishin da ke kula da lafiyar ma'aikata a wuraren aiki. Idan rai na cikin haɗari yanzu-yanzu, ba a bin wannan jeri, ana tsallakewa zuwa wanda zai iya tsayar da abin. Ki sanar da ƙungiyar ƙwadagonku tun farko, ki kuma nemi waɗanda za su sa hannu tare da ke, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma shafa wa mutum takwas kashin kaji a lokaci guda ya fi shafa wa ɗaya wuya. 'Yan jarida su ne na ƙarshe. Na yarda wani lokaci babu wata hanya: Terry Bryan, wani nas a Ingila, ya kai ƙarar cin zarafin masu naƙasar fahimta a asibitin Winterbourne View ga shugabanni da hukumar sa ido, aka yi biris da shi, sai da BBC ta fallasa a 2011 aka rufe wurin, aka sami ma'aikata 11 da laifi. Amma ƙarfinsa ya zo ne daga cewa ya riga ya ƙwanƙwasa ƙofofin da suka dace, kuma akwai shaidar haka.

Game da doka, ki ɗauke ta a matsayinta, kada ki ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Birtaniya tana da dokar kare masu kwarmata bayani tun 1998, amma wannan bai hana a tsoratar da Helene Donnelly ba, nas ɗin da ta yi ƙorafi a 2007 kan halin da ake ciki a sashen gaggawa na asibitin Stafford, wadda ta shaida wa kwamitin bincike cewa har tsoron tafiya wurin motarta ita kaɗai take yi bayan tashi daga aiki. Rahoton da Robert Francis, lauyan da ya jagoranci binciken, ya fitar a 2013 kan wannan asibiti ya zo da shawarwari 290, kuma wani rahotonsa na 2015 ya sa aka naɗa jami'in sauraren masu ƙorafi a asibitocin gwamnatin Ingila. Tarayyar Turai ta kafa tata ƙa'idar a 2019, wadda ta ce a amsa karɓar rahoto cikin kwana 7, a ba da bayani cikin wata 3, kuma idan mai ƙorafi ya nuna an cutar da shi bayan ya kai rahoto, mai ɗaukar aiki ne zai kawo hujjar cewa ba ramuwa ba ce. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma abu biyu sun kusa zama ruwan dare. Doka ba ta cika hana a cuce ki ba, diyya take nema miki bayan an yi. Sannan wa'adin shigar da ƙara gajere ne: a Amurka, alal misali, mai ƙorafin ramuwa a ƙarƙashin dokar tarayya ta lafiyar wurin aiki kwana 30 kawai gare shi. Don haka ki ga lauyan da ya san shari'ar ƙwadago kafin ki miƙa takarda, ki tambaye shi wace doka ce ta rufe ki, wa za ki kai wa don kariyar ta yi aiki, kuma kwana nawa gare ki.

Idan bi-ta-da-ƙullin ya zo, ki amsa kowace takardar tuhuma a rubuce, cikin wa'adi, da ladabi, ki ambaci ranar da kika kai ƙorafinki. Kada ki shiga zaman kwamiti ba tare da wakilin ƙungiya ko shaida ba, kada ki sa hannu a kan abin da ba ki karanta a natse ba, kuma kada ki ajiye aiki cikin fushi, domin wadda ta tafi da ƙafarta ta sauƙaƙa wa asibiti shari'a. Idan kuma kika ga abin yana cin lafiyarki, barin wurin bayan kin yi shawara ba abin kunya ba ne, takardun da kika bari za su ci gaba da magana. Ki nemi abokiyar aikin nan taki ki zauna da ita, ki ji wa ta gaya wa, da baki ko a rubuce, da ranar da aka fara bin ta, domin labarinta zai nuna miki ramukan da ke kan hanya, kuma yana iya zama shaidar cewa ba yau aka fara ba.

Daren da za ki koma aiki, ki shiga da ƙaramin littafin a aljihu, ki ƙirga gadaje da ma'aikata kafin ki karɓi makullin kabad ɗin magani, ki kira mai kula da dare ki faɗa masa adadin, ki rubuta lokacin. Idan asuba ta yi aka miƙo miki takardar juyawa, ki rubuta sau nawa aka juya kowane tsoho da gaske da dalilin da ya hana saura, ki sa hannu a kan wannan kaɗai.